Rushewar bene a fim: Nakiya ce ko aikin kwamfuta?

A GIDAJEN kallo na Gummi, Anka da Bukkuyum, da wuya dogon bene ya zube a fim ɗin Amurka ba a kaure da gardama ba. Wannan ya ce kwamfuta ce, wancan ya rantse nakiya ce irin ta masu fasa dutse. To, wani sa'in mai rantsuwar ne da gaskiya.

Ginin da ya tarwatse a farkon 'Lethal Weapon 3', fim ɗin Mel Gibson na 1992, tsohuwar sakatariyar birnin Orlando ce. Dama an shirya rushe ta, sai 'yan fim su ka kafa kyamarori ranar da kamfanin Controlled Demolition ya kayar da ita a 1991. Asibitin da Joker ya tayar a 'The Dark Knight' na 2008 kuwa wani ɓangare ne na tsohuwar masana'antar alewa a Chicago.

Abin da ɗan kallo bai sani ba shi ne, nakiyar ba ita ke kayar da ginin ba. Injiniyoyi kan share makonni su na cire tagogi da bangayen ciki, su huda ginshiƙan ƙasa, su cusa nakiya, su naɗe su da raga don kada ɓaraguzai su yi tsalle. Sannan a tayar da su bi da bi, tazarar ba ta kai daƙiƙa ba. Da ƙafafun sun karye, nauyin benen ne ke danne kansa. Jar wutar nan da ke sa 'yan kallo ihu? Yawanci fetur ne masu dabarun fim su ka ƙara. Kuma babu "a sake", ɗauka ɗaya ce tal.

An taɓa yi a Nijeriya: haka aka kwantar da benen Bankin Masana'antu a titin Broad da ke Legas a 2008, bayan an kwashe mutanen kewaye.

Ba don ɓaraguzai kaɗai ake korar jama'a ba, har da ƙura. A fim ado ce, amma mutanen Anka da Bukkuyum sun san illarta. A 2010, ƙurar duwatsun zinare masu gubar dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma.

Don haka daraktan Kano da ke kwaɗayin fashewa a fim ɗinsa kada ma ya fara tunanin sayen nakiya a bayan fage. Wadda masu haƙar ma'adinai su ka ɓoye a gida ce ta ragargaza wani sashe na unguwar Bodija a Ibadan a Janairun 2024. Ƙaramin gini na katako da ƙwararren edita sun ishe shi, mutanen Gummi kuma su ci gaba da gardamarsu.