Fuska Ɗaya Ta Fi Dubun Alƙaluma Ratsa Zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tasha ranar kasuwa a Nasarawar Burkullu, ko Gummi, ko Anka, ya ga manyan motocin kaya da zane a bayansu, nan zaki ya danne barewa, can ɗan dambe ya ɗaura zare, lalle ya lura yadda yara da manya ke cincirindo, wasu na tausayin barewa, wasu na kirarin ɗan dambe, alhali kowa ya san fenti ne bisa katako. Sirrin al'amarin shi ne, Allah ya halicci ɗan Adam da ɗabi'ar karanta fuska da gaɓoɓi, ta yadda in ya ga ido ya raunana, ko kafaɗa ta sunkuya, zuciyarsa kan riga hankalinsa amsawa.

Gwanayen zane bisa wannan ɗabi'a suke gina aikinsu. A 1937, bayan jiragen Jamus sun yi wa garin Guernica na ƙasar Sifen ruwan bama-bamai, Pablo Picasso ya zana musibar da baƙi da fari da ruwan toka kaɗai, kuma a gefen hagu ya sanya wata uwa rungume da gawar ɗanta, ta ɗaga kai sama, baki buɗe, har mai kallo ya ji kamar kukan na shiga kunnensa. Nan gida kuwa, ɗaliban zane na kwalejin Zariya, irin su Yusuf Grillo da Uche Okeke, sun kafa ƙungiya a 1958 da niyyar ɗaukar dabarun Turawa su zana mutanensu, cikin suturarsu da halin zamansu.

Haƙiƙa malamai sun yi saɓani kan surar abu mai rai, sai dai mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya fi ƙarfi ga cikakken mutum-mutumi mai inuwa, shi kuwa zanen da ke shimfiɗe bisa takarda hukuncinsa ya fi sauƙi, balle inda akwai maslahar jama'a.

Maslahar kuwa ga ta a ƙofar gida. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su kawo ɗauki. Adadi kan wuce ta kunne a manta, amma hoton uwa goye da yaro mai jijjiga, ga turmin dakan dutse kusa da tukunyar tuwo, ko wanda bai yi karatu ba zai fahimce shi. Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya su nemo masu zanen allunan shaguna da motoci na yankin, su biya su haƙƙinsu, su ƙawata bangon asibitoci da makarantu da irin wannan gargaɗi.