Turancin Ƙamus a Tiren Mai Kanwa

A ƙarshen shekarar 2000 sunan Chadi ya cika jaridun Amurka, alhali ba ƙasar ake nufi ba. Zaɓen George Bush da Al Gore ne ya cije a jihar Florida, inda a lokacin mai zaɓe ke huda katin ƙuri'a da tsinke. Ɗan guntun takardar da ke fita daga hudar shi ake kira "chad", kalmar da a da sai masu aiki da tsofaffin kwamfutoci suka san ta. Wani guntun ya fita fes, wani ya maƙale yana reto, wani ko hujewa bai yi ba, ɗan kumbura kawai ya yi, har aka raɗa masa "mai ciki". Ma'aikata suka yi makonni suna ɗaga kati sama suna ƙura masa ido, daga ƙarshe Bush ya sha da ratar ƙuri'a 537. Masana harshe na Amurka suka zaɓi "chad" kalmar shekara.

Dace ne kawai. Sunan ƙasar daga tafki ya fito, tafkin kuma daga kalmar Barebari mai nufin babban ruwa. Amma wanda ya ratsa Gardolé, tsohuwar unguwar nan ta tsakiyar N'Djamena, ya nufi babbar kasuwa, zai tarar da wasu kalmomin da ɗalibin Turanci ke haddacewa don ya burge tsara, a zube a ƙasa ana cinikinsu da Larabcin Chadi da Hausa, babu mai ɗaga musu kai.

A fara da kanwa. Ga ta nan a tire, dunƙule-dunƙule, wata fara sol, wata ta yi ƙasa-ƙasa, mai sayarwa na fasa ta da bakin wuƙa. Uwargida za ta saya don wake ya nuna da wuri, kuɓewa ta yi yauƙi. Makiyayi zai saya wa shanu. Mai taba gari ma ba ya rabuwa da ita. A Turanci sunanta "natron", kuma Baturen da ya san kalmar yawanci a littafin tarihin Masar ya tsince ta, domin da ita aka riƙa busar da gawarwakin Fir'aunoni. Kalmar ta yi yawo: daga tsohon harshen Masar zuwa Girkanci, ta shiga Larabci a matsayin naɗrun, ta bi ta Sifaniyanci da Faransanci kafin ta isa Ingila. Har yau akwai Wadi Natrun a Masar. Daga gare ta aka ƙera "natrium", shi ya sa ɗan makaranta ke rubuta Na a darasin kimiyya alhali malaminsa na cewa sodiyam. Kanwar da ake haƙowa a tabkunan Kanem, wadda fatake suka daɗe suna tsallakawa da ita Borno da ƙasar Hausa, ita ce ke ɓoye cikin waɗannan haruffa biyu. Bahaushe da ya ce mata uwar gami bai san iyakar inda ta kai gamin ba.

"Zareba" kuwa da jini ta shiga. Zariba a Larabci shinge ne na ƙaya da ake kewaye dabbobi da shi. 'Yan kasuwar hauren giwa da bayi na Bahar al-Gazal suka mai da ita sansani, kuma a irin waɗannan sansanoni na Zubairu Pasha ne Rabe ya koyi yaƙi kafin ya yo yamma ya ci Borno a 1893. Sojojin Ingila da suka yaƙi mutanen Mahadi a gabashin Sudan sun kwaikwayi dabarar, suna sare ƙaya su kewaye kansu kafin dare. Ranar 22 ga Maris 1885 aka afka musu a Tofrek suna tsakiyar haɗa shingen, har ake kiran wannan karo da sunan zaribar Janar McNeill. Jaridun Landan suka ɗauka, marubuta suka riƙa ara, har mutumin da ya ɓuya bayan tulin takardu a ofis a ce yana cikin zareba. Shi kuwa Rabe ajalinsa a Kusuri yake, a tsallaken kogi daga N'Djamena, ranar 22 ga Afrilu 1900. A ranar ne kwamandan Faransa Lamy ya mutu, daga baya aka sa wa sabon garin da ya zama N'Djamena suna Fort-Lamy, sunan da ya ɗauka har 1973.

Wadda ta fi ban dariya ita ce "marabou". A Faransancin N'Djamena, marabout malami ne, mai allo da tawada, daga murabiɗ na Larabci, mai zaman ribaɗi. Turawa suka ga tsuntsun nan babba-da-jaka tsaye shiru, kai a sanƙo, kafaɗu a ɗage kamar mai wuridi, sai suka ba shi sunan. Daga nan sunan ya koma kan lallausan gashin da ke ƙarƙashin wutsiyarsa, wanda matan Turai ke ƙawata hula da wuyan riga da shi. Tsuntsun da ke kiwo a juji da bayan mahauta ya gaji sunan malamai, gashinsa ya shiga gidan rawa. Rashin ladabi ne, amma ƙamus ba ya jin kunya.

Jigon da mai lambu ke ɗibar ruwa da shi a bakin kogi shi ne "shadoof". Dawa ita ce "durra". Man kaɗe kuwa Mungo Park ne ya yaɗa sunansa "shea" a littafinsa na 1799, daga bakin mutanen Mali.

Ba kullum ake yi wa irin waɗannan baƙi maraba ba. Ranar 5 ga Yuli 2011 wata ƙura mai kama da bango ta rufe birnin Phoenix na jihar Arizona, masu hasashen yanayi suka kira ta "haboob", wato habub, sunan da mutanen Khartoum ke ba guguwar da ke share fagen ruwan sama. Wasu mazauna jihar suka rubuta wa jaridu wasiƙun ƙorafi, wai me ya kawo Larabci cikin labarin ƙurarsu. A Gardolé idan sama ta yi ja haka, mai kanwa buhu kawai take jawowa ta rufe tirenta, ta danne da dutse.