Igiya a farfela: ƙaramin abin da ke kashe injin jirgi a tsakiyar ruwa

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, fasinjoji da ƴan kasuwa masu yawa suka koma tsallaka kogin Isa da kwale-kwale mai inji tsakanin Gaya da Malanville. Cikin haɗurran wannan hanya akwai wanda ba a cika maganarsa ba: guntun igiya ko tsohuwar komar masunta da ke nannaɗe farfela. Inji na mutuwa nan take, jirgi ya rasa linzami, ruwa ya ja shi da lodinsa.

Matsalar ba ta kogin Isa kaɗai ba ce. A gaɓar tekun Ingila, Faransa da Amurka, igiyoyin tarkon ƙaguwa na yawan kama jirage. Shi ya sa ake ɗaura wa jiragen da injinsu ke ciki wata wuƙa a kan sandar da ke juya farfela. Akwai mai kamar faifai mai kaifin baki, wadda ke juyawa tare da sandar. Akwai kuma mai aiki kamar almakashi, irin ta Spurs ta Amurka da Stripper ta Ingila: wuƙa ɗaya na juyawa, ɗaya na tsaye, igiyar da ta shiga tsakaninsu sai ta tsinke.

Sai dai na'urar na zaune ne a ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya ganinta, kuma ranar da aka buƙace ta ne ake sanin ko tana da rai. Don haka ake duba ta duk lokacin da aka fitar da jirgi tudu, aƙalla sau ɗaya a shekara. Bakanike kan kashe inji, ya cire makulli, ya sa safar hannu, sannan ya kankare ƙananan halittun teku da suka manne. Ya duba bakin wuƙa ko ya dakushe ko ya ɓalle, ya ƙara ɗaure kusoshi. A mai almakashi akwai zoben roba mai tauri tsakanin wuƙaƙen biyu; idan ya cinye, tazara ta buɗe, igiya sai ta maƙale maimakon ta yanke. Ƙarfen zinki da ake maƙalawa don ruwan gishiri ya ci shi a madadin sauran ƙarafa, ana sauya shi idan ya kai rabi. Dole kuma a bar hanyar da ruwa ke bi ya sanyaya robar da ke riƙe sandar.

A kogin Isa, mafi yawan kwale-kwale injin ratayawa ne gare su, kuma galibi babu wannan wuƙa. Kariyarsu ita ce idon direba. Zaren kamun kifi na nailan kan shige bayan farfela, ya ci robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya. Alamar ita ce man giya ya koma fari kamar madara. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka, haƙoran giya ne za su lalace. Maganin ba shi da tsada: a kwance farfela lokaci-lokaci, a cire zaren, a shafa giris, a mayar da noti da sabon fil.

Damina ce lokacin da ya fi buƙatar lura, domin jan ruwan Agusta da Satumba na kwaso kainuwa, leda da tsummoki. Idan farfela ta kama, a kashe inji kafin kowa ya kai hannu, kuma kada jirgi ya bar gaɓa babu filafili, wuƙa da rigunan ceto.