Jirgin Fito da Zaman Ƙananan Tsibirai: Misali daga Senegal

Ƙaramin tsibiri ba shi da hanya sai ta ruwa, saboda haka arzikin mutanensa a kan jirgin fito ya rataya. Akwai misali biyu a ƙasar Senegal.

Na fari Gore, daura da Dakar. Kullum jirgi yakan yi jigila tsakaninsu, tafiyar kamar minti 20, yana ɗaukar ma'aikata da 'yan makaranta da baƙi masu zuwa ganin Gidan Bayi.

Na biyu Karaban, a bakin kogin Kasamas. A da jirgin Joola, mai zirga-zirga tsakanin Ziguinchor da Dakar, yakan tsaya nesa da gaɓa don babu matsaya, sai kwale-kwale su kai masa fasinja da kaya. Ran 26 ga Satumba 2002 ya kife cikin hadari, ga lodi ya wuce kima. Mutum fiye da 1,800 suka halaka. Daga nan tsibirin ya rasa hanyar kai kifi Dakar, baƙi kuma suka ɗauke ƙafa. Jirgin da ya gaje shi bai fara tsayawa can ba sai 2014, bayan an gina matsaya.

Watau jirgi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da matsaya da ƙayyade masu shiga.