Liyarin Kaka Da Mafarkin Miliyoyi

Wata tsohuwar magana ta sake zagayowa cikin wayoyin mutane, daga Ushafa zuwa Dutsen Alhaji har Bwari, kamar yadda ta saba duk lokacin da rayuwa ta yi tsada. Wai duk mai tsohon kwabo mai huda a tsakiya, ko sulen zamanin Turawa, ko ƙatuwar azurfar nan mai hoton wata mata da aka rubuta 1780 a bayanta, ya ɓoye da kyau, akwai masu saye da miliyoyi. Masu ƙara gishiri suka ce a cikin ƙarfen akwai jar zaiba, wai da ita ake haɗa manyan makamai. Nan da nan samari suka shiga birkita adakar kakanninsu, ana kwance ƙullin tsumman da aka ɗaure tun Sardauna yana raye, ana ɗaukar hoto ana turawa a WhatsApp ana neman mai taya.

Batun jar zaiba ba ya buƙatar dogon turanci. Babu ita. A 2009 irin wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya, aka ce tana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da ɗan karen tsada, daga ƙarshe aka bar su riƙe da kekuna. Zaiba ta gaskiya ruwa-ruwa ce, guba ce, kuma ba a zuba ta cikin sulalla.

Ɗaya rabin maganar ne ya fi ba ni haushi, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma da shi ake kama mutane. Tara tsofaffin sulalla sana'a ce ta gaske. A Turai da Amurka akwai gidajen gwanjo, akwai littattafan farashi, akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai duba sule su ba shi maki daga 1 zuwa 70. Sule ɗaya yana iya sayen gida. Amma abin da ke sa shi yin wannan tsada ba shi ne abin da mutanenmu suke zato ba. Mu da mun ga tsohuwar shekara a jikin ƙarfe sai mu ce shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa.

Ga misali daga inda wannan sana'a ta fi ƙarfi. Daga 1892 zuwa 1954 Amurka ta buga jerin sulallan azurfa na tunawa da mutane da abubuwan tarihi, galibinsu rabin dala, kowanne giram 12.5, kashi 90 cikin 100 azurfa. Na farkonsu shi ne mai hoton Kolombos, wanda aka yi don baje kolin birnin Chicago. An buga shi da yawa har ya yi kwantai, aka zuba ragowar cikin kuɗin cefane. A 1928 aka buga wani na tunawa da tsibirin Hawayi, shi kuma kusan guda 10,000 kacal. Nauyinsu ɗaya, azurfarsu ɗaya, na Kolombos ya girmi na Hawayi da fiye da shekara 30. Amma yau na Kolombos yana cikin mafiya araha a jerin, na Hawayi kuwa sai ka tara na Kolombos masu yawa kafin ka kai kuɗin guda.

Mutumin Ushafa bai kamata wannan ya ɗaure masa kai ba, garin tukwane ne. A nan aka kafa cibiyar ginin tukwane a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, nan Bill Clinton ya zo a watan Agustan 2000. Kowace maginiya ta san yumɓu ɗaya ne ake gina randar kasuwa da shi da kuma tulun da za a ajiye a gidan tarihi. Tulun hannun Ladi Kwali, wadda ta rasu a 1984, wadda hotonta ke bayan naira 20, ana gwanjonsa a Landan. Mai saye abu uku yake tambaya: hannun wa ne, guda nawa suka rage a duniya, ya tsage ko lafiyarsa lau? Randar da ta shekara 50 a bayan ɗaki tsufanta bai mai da ita ta Ladi Kwali ba. Mai tara sulalla ma tambayoyin nan uku yake yi, sannan a ƙasansu duka akwai kuɗin yumɓun, wato nauyin azurfar da ke jikin ƙarfen.

To, mu dawo kan matar 1780. Liyari ke nan, kuma matar sunanta Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu. Lokacin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Maliya sun riga sun saba da wannan azurfa, sun yarda da nauyinta, ba sa son wata. Masu buga kuɗi suka ga kasuwa, suka ci gaba da bugawa da hotonta da shekarar mutuwarta, ba su ƙara ko ɗaya ba. An buga ta a Biyana, an buga a Rum, da Landan, da Faris, da Barasal, har Bombai ta Indiya. Lokacin da Italiya ta afka wa Habasha a 1935 ita ta yi ta bugawa don biyan buƙatun yaƙi, Ingila ma ta buga tata. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kusan miliyan 389, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sababbi fil, da 1780 a bayansu. Saboda haka liyarin da Hajiya Kaka ta sayo a hanyar Makka, ba mamaki ita ta girme shi.

Ta hamada ta shigo mana, a bayan raƙuma daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canja guda ɗaya a wuri 2,500. Ba kuɗin sayen daddawa ba ne, na babban ciniki ne da ajiya da ado. Matan Fulani da na Shuwa suna kitsa shi a gashi, ana jera shi a sarƙa, maƙeran fari daga Kano har Agadas suna narka shi su yi munduwa da zobe da kwalliyar doki. Nauyinsa giram 28, azurfar da ke ciki kashi 83 da ɗan ɗoriya cikin 100, wato kusan giram 23 da rabi na tsantsar azurfa.

Kada a ji na ce haka a ɗauka liyari banza ne. Kakanninmu da suka ƙulle shi sun fi mu wayo, don takardun fam ɗin zamaninsu sun zama tarihi tun 1973 da aka koma naira, azurfar kuwa tana nan da darajarta. Amma darajar nan lissafi gare ta: a auna, a duba farashin azurfa na ranar a kasuwar duniya, a ninka. Farashin kuma yana hawa yana sauka. A farkon 1980 oza ɗaya, wato giram 31.1, ta kusa dala 50, kafin wata uku ta rikito ƙasa da rabin haka. A 2011 ta sake hawa kusa da nan, ta sake gangarowa. Akwai tsofaffin bugu na liyari da masana ke nema su biya fiye da kuɗin azurfa, sai dai gane su aikin gwani ne mai tabarau, kuma wanda aka huda ko aka liƙa masa kunne don rataya ya riga ya fita daga wannan sahu.

Kuɗin zamanin Turawa labarinsu ya fi gajarta. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da fataka da sule da sisi da taro na azurfa mai kyau, kashi 92.5 cikin 100. Sulen, mai bishiyar kwakwa, giram 5.6 ne da ɗan kai. Bayan yaƙin duniya na ɗaya azurfa ta yi tsada, mutane suna ɓoyewa, maƙera suna narkawa, sai daga 1920 aka koma haɗin tagulla. Saboda haka idan sulenka na 1913 zuwa 1919 ne, azurfa ce. In na shekarun 1930 ne ko 1940, launinsa ma zai gaya maka.

Kwabo mai huda kuwa, da ɗari da anini, waɗanda aka fara bugawa daga 1907, masu tauraro da rubutun Larabci, ba su taɓa zama azurfa ba. Galibinsu haɗin jan ƙarfe ne da nikel, shi ya sa suke fari, daga 1952 kuma aka mai da su ja. 'Yan damfara suna son na 1936, mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar. Gaskiya ne a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa cikin kasuwa ba, kuma 'yan samfurin da suka tsira a can suna da tsadar gaske. Na nan Afirka ta Yamma kuwa miliyoyi aka buga, aka kashe su a kasuwannin Kano da Ikko da Ankara. Sulallan 1959 na Babban Bankin Najeriya, fataka mai gyaɗa, sisi mai koko, taro mai auduga, su ma babu azurfa a ciki. Abin ajiyewa ne a nuna wa yara, ba jari ba.

Azurfar tunawa ta ainihi a yankinmu sai an leƙa maƙwabta. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke kashe sefa ya buga faran 500 na azurfa a 1972 don cikar haɗakar kuɗinsu shekara 10, Nijar kuma tana da masu hoton Shugaba Diori Hamani na tunawa da 'yancin kai. A nan gida, abin tunawar da ya shigo hannun talaka takarda ce: naira 50 ta 2010 da naira 100 ta 2014.

Cutar ta hanya biyu take zuwa. Ta farko ita ce wadda mai saye zai buga waya ya yi tayin miliyoyi, sai dai akwai kuɗin gwaji, akwai kuɗin takarda, akwai kuɗin motar ɗan aike. Wani lokacin ma shi zai haɗa ka da mai sayar da liyarin dalma da aka shafa wa ruwan azurfa, ya ce ka tara guda goma Baturen yana jira a otal. Ta biyu ta fi shiru: mai sayen gwangwan ya karɓi azurfar gaske a farashin ƙarfen bola. Maganin duka biyun ba shi da tsada. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, in ya kama to zance ya ƙare, amma rashin kamawar ba shaida ba ce, don dalma da jan ƙarfe ma ba sa bi. Ma'auni shi ne alƙali. Duk mai sayar da gwal a kasuwar Wuse yana da sikelin da zai nuna ko giram 28 ne, faɗin liyari kuma kusan santimita 4 ne. Ƙarfen jabu da wuya ya dace da nauyi da faɗi da kauri a lokaci guda. Tsofaffin 'yan koli kuma da kunne suke ganewa: a ɗora a ɗan yatsa a ƙwanƙwasa, azurfa amonta dogo ne, dalma kuwa ƙwal ɗaya ta yi shiru.

Akwai ɓarnar da ba ɗan damfara ke yi mana ita ba, mu ke yi da hannunmu. Da an ciro sule ya yi baƙi sai a nemo toka da lemon tsami da soson ƙarfe a dirje shi har ya yi ƙyalli, wai don ya yi kasuwa. Wannan duhun da shekaru suka ɗora masa, shi masu tarawa suke so, kuma da shi suke gane cewa ba a taɓa shi ba. Dirza kuwa zane take bari, wanda ido bai gani amma tabarau yana gani, kuma ba ya gyaruwa. Idan da akwai wani abu na musamman a sulen, an kankare shi cikin minti biyar, an bar kuɗin nauyi kawai. Narkawa ta fi wannan muni. Munduwar da maƙerin fari ya ƙera shekara ɗari da suka wuce, in ta shiga wuta ta zama curin azurfa kamar kowane. A sani kuma cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma aikin hannun mutanenmu na kafin 1918 yana ciki. Mai cewa zai kai wa Bature bai faɗa maka wannan ba.

Hukumomi ma da nasu kason. Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja tun 2009, inda aka jera wuri da sauran kuɗin gargajiya da sulallan Turawa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Ushafa. Ilimin da ke cikin gilasan nan, da za a fito da shi minti goma a rediyo da Hausa da Gbagyi duk lokacin da jita-jitar ta motsa, da an rage wa 'yan sanda aiki. Amma mun saba, ba a jin muryar hukuma sai bayan an kwashi kuɗin mutane.

Kai kuma mai ƙullin tsumma, kafin ka kai shi ko'ina, zauna da mai shi in tana raye, ka tambaye ta inda ta samo shi, sadaki ne, gado ne, ko tsarabar Makka, ka rubuta a takarda ka ajiye tare. Kada ka wanke, kada ka goge, ka naɗe kowanne daban a wuri marar danshi. In buƙata ta matsa sai an sayar, a auna a gabanka, ka ji farashin shago biyu ko uku, kuma a yi da sanin sauran magada. Wanda ya ce sai ka fara tura masa kuɗin gwaji kafin ya sayi kayanka, ka kashe wayar.