Tasowar Yaro a Gandun Iyali a Karkarar Kano da Katsina

A ƙauyukan da ke kewaye da Kano da Katsina, ɗan manomi yakan tashi ne a cikin gandu, wato gonar da maigida da 'ya'yansa maza, wani lokaci har da ƙannensa, suke nomawa tare, a zuba amfanin a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Tsari ne da ya ɗora wa kowane ɓangare haƙƙi. 'Ya'ya su ba da ƙarfinsu, maigida kuwa ya ɗauki nauyin iri da kayan aiki da ci da sha, da ɗinkin Sallah, da auren fari na kowane ɗa, da ragon suna in an samu ƙaruwa. A da har harajin kowane baligi shi ke biya, kafin gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, waɗanda suka hau mulki a 1979, su soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna. A lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna.

Ba a ware rana a ce yau za a fara koya wa yaro noma. Aikinsa na farko shi ne aike: kai fura ko kunu gona da hantsi, kora awaki daga bakin shinge, yanko wa tumakin da aka ɗaure ciyawa, tunda da damina ba a sakin dabba. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, yakan bi jaki da mangala cike da taki daga turke zuwa gona, a yi ta jibge shi tsibi-tsibi. Ƙasar da ke kusa da Kano ana noma ta kowace shekara ba hutu, saboda yawan jama'a, don haka yaro kan gane da wuri cewa kashin dabba da tokar murhu da sharar tsakar gida ba abin zubarwa ba ne.

Ranar da aka samu ruwan shuka, gida kan kwashe kaf. Manya su shige gaba da sungumi suna sara, yara su biyo baya da ƙoƙon iri, suna jefa ƙwayoyi a rami suna rufewa da ƙafa. A nan ake fara gwada hankalin yaro, domin wanda ya cika hannu zai ƙarar da iri tun ba a kai ƙarshen gona ba, wanda kuma ya tsallake rami, gona za ta tona masa asiri da zarar tsiro ya fito. Akan shuka gero da dawa tare, daga baya a sa wake ko gyaɗa a tsakani. Dalilin a fili yake: gero na nuna da wuri, ya raba gida da yunwar tsakiyar damina, dawa kuwa sai kaka ta yi nisa, in fari ya taɓa ɗaya, ɗayan na iya tsira.

Noman firi shi ne matakin da ke raba yaro da ƙuruciya. Akan sa maƙeri ya ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, a ba shi kunya kusa da ta yayansa. Daga nan sai maimai, sai huɗa da garma, wadda ba a ba wanda ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Abin da yake kwasa a waɗannan watanni ya fi ƙarfin riƙon ƙota. Yakan koyi bambanta tsiron gero da ciyawar da ta yi kama da shi, ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, da yadda yake tsotse dawa tun daga saiwa. Yakan san dalilin da ya sa ba a sare gawo: itacen na kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka. Iyakar gona ma, wadda sau da yawa gamba ko wata bishiya ce shaidarta, uba kan nuna wa ɗa ita tun yana ƙarami, saboda rigimar gobe.

Aikin gandu kan tashi wajen azahar, kuma a wurare da yawa ba a fita ranar Juma'a. Wannan rarar lokaci ita ce ta gayauna, ɗan filin da maigida ke yanka wa ɗansa ya noma don kansa. Abin da ya samu a nan nasa ne, ya sayi tufa, ko kaza, ko tunkiya. Ana iya cewa gayauna ce ta hana gandu zama bauta, domin a cikinta saurayi ke fara yanke shawara da kansa, ya ci ribarta ko ya sha asararta.

'Ya mace tata hanyar dabam ce. Takan taya shuka da roron wake da kala, amma makarantarta tsakar gida ce: sussuka, shiƙa, daka, tatsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Inda mata ke kulle, ita ce ƙafar uwarta, ita ke kai talla, ta dawo da ciniki, ta kuma yi lissafinsa.

A irin wannan ƙauye tarbiyya ba ta iyaye kaɗai ba ce. Duk dattijon da ya ga yaro ya saki akuya ta shiga gonar wani zai tsawata masa nan take, kuma ba a jin uban ya yi ƙorafi. Idan ciyawa ta fi ƙarfin wani gida, ko maigida ya kwanta ciwo, sai a kira gayya, samari su taru da kaɗe-kaɗe su gama gonar a wuni guda, ladansu abinci da goro. Saurayi kan kai irin wannan gudummawa gonar surukinsa. Bayan girbi, kafin dami ya shiga rumbu, yaro na gani ake fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar, a kuma aika wa malami da maƙwabcin da bai samu ba. Kaka ce lokacin sakewa, da gasa tumu da shan takanɗa tun farkonta, sannan kokawa da dambe da wasan dandali. Da rani karatun allo kan ƙara ƙarfi, manyan samari kuma su tafi cin rani birni.

Masaniyar nan ta Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma buga littafinta kan karkarar Hausa a 1972, ta lura cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu wadatar gona. Talaka ba ya iya riƙe 'ya'yansa da suka yi aure. Abin da ya biyo baya bai sauƙaƙa lamarin ba. Farin 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun karya amfanin da ke kawo wa maigida kuɗi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗauke yara da safe, daidai lokacin aikin gandu. Rabon gado kuma na ƙara tsinka gonaki duk mutuwa, har wani kason bai isa ciyar da gida ɗaya ba. Gayya ta ja baya, ƙodago ya maye gurbinta, maganin feshi na rage noman hannu. A yau gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba ya yi ƙaranci ƙwarai. Wanda ya fi saura shi ne na uba da 'ya'yansa da ba su yi aure ba.