Gidajen da ba a buɗewa sai da Sallah

Duk wanda ya ratsa tsohuwar GRA ta Bauchi a tsakiyar damina zai ga wani irin gida: doguwar katanga da waya a kanta, ƙofar ƙarfe a garƙame, ciyawa ta keto ta tsakanin duwatsun daɓe, ga maigadi a kan benci da 'yar rediyonsa. Ka tambaye shi mai gidan, ya ce, "Alhaji yana Abuja, sai Sallah." Ba haya ake bayarwa ba, ba kuma sayarwa za a yi ba. Ajiye shi aka yi don 'yan kwanakin da mai shi zai zo gida.

Abin ba yau ya fara ba. Sarakunan Kano suna da gidajen shaƙatawa a Fanisau da Ɗorayi, bisa al'ada ana hawa zuwa can bayan Sallah. Turawa kuwa, da suka ci Bauchi a 1902, sai suka kafa barikinsu a bayan ganuwa, daga baya dokar Lugga ta 1917 ta ce a bar filin yadi 440 tsakanin unguwar Bature da ta 'yan ƙasa, wai don gudun cizon sauro. Da suka tafi, manyan ma'aikata suka gaji unguwar Baturen, wato GRA. Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa filin birni a hannun gwamna. Tun daga nan, samun fuloti mai kyau da takardarsa ya koma ga wanda ke da hanya, ba lallai mai buƙata ba.

To, me zai sa mutum ya zuba miliyoyi a ginin da ba ya kwana a ciki? Da farko dai gida ma'aji ne: naira tana zubewa, fili yana tashi. Sannan a fiƙihu gidan da aka tanada don zama, ba don kasuwanci ba, babu zakka a kansa, alhali kuɗin da suka shekara a banki sai an fitar musu.

Amma babban dalilin mutunci ne. Komai girman muƙaminka a Abuja, idan aka zo neman auren 'yarka, ko aka yi maka rasuwa, tambayar ita ce ina za a same ka a garinku. Babban mutum ba ya karɓar gaisuwa a otel. Ɗan siyasa ma ya fi kowa sanin haka, domin wanda ba shi da ƙofar da jama'a za su taru ana kiransa ɗan Abuja, kuma wannan suna yana kayar da mutum zaɓe. Shi ya sa mai gidan ba ya samun sararawa idan ya zo. Tun da asuba an cika ƙofa: mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, mai neman wa ɗansa aiki, ga maroƙa. In hutun gaske yake so, Dubai zai nufa ko Landan. Yankari, da ruwan ɗumin Wikki da giwayenta, tafiyar sama da kilomita 100 kaɗan ce daga gari, amma galibi ɗalibai da baƙi ake bar wa ita.

A ganina, abin da ke raba aji a nan ba mallakar gida ba ne, iya barinsa a rufe ne. Gida a kulle yana cin kuɗi: albashin maigadi, gyaran rijiyar burtsatse, fenti, maganin gara, rufin da ya fara yoyo ba wanda ya lura. Ɗan kasuwar Wunti da ya samu ya gina gida na biyu, 'yan haya zai zuba washegari, musamman idan yana kusa da Gwallameji ko Yalwa, inda ɗalibai ke cunkushe a ɗaki guda.

Rigimar takan taso ne bayan rasuwar mai gidan. 'Ya'yan da suka tashi a Abuja ba su da abokai a Bauchi, ba su kuma da jama'ar da za su tara. Ana gama rabon gado sai dillalai su shigo, kafin shekara ta zagayo an kafa allon makarantar kuɗi ko na masaukin baƙi a jikin katangar.